Ajin Zane-zane a Sakandare: Tambayoyin da Ɗalibai da Iyaye Suka Fi Yi

Duk lokacin da aka zo zaɓen darussa, kusan tambayoyi iri ɗaya ne ke fitowa daga bakin ɗalibai da iyayensu game da ajin zane-zane. An tattaro su a nan, daga na mai shirin shiga har zuwa na wanda fenti ya riga ya ɓata wa riga. Tsarin makarantu ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka a kan jadawali da sharuɗɗan jarrabawa, maganar malamin ajinku ita ce ta ƙarshe.

Me ake koyarwa a ajin? Zane ne kawai?

Da zane ake farawa, amma ba a nan ake tsayawa ba. Akwai aikin fenti, ɗab'i, ginin yumɓu, sassaƙa, ɗaukar hoto, tsara fasta da bangon littafi, aikin zare da yadi, da zane a kwamfuta. Makarantar da ke da isassun malamai da ɗakuna kan ware wa kowanne ajinsa. Wadda ba ta da su kan haɗe su a darasi guda, a taɓa wannan na 'yan makonni a koma wancan. Ana kuma cusa tarihin fasaha a ciki, a nuna abin da mutanen wasu zamunna da wasu ƙasashe suka yi, da dalilin da ya sa suka yi shi haka.

Ko da wane kaya ake aiki, abubuwan da malami zai yi ta nanatawa ba sa canzawa: layi, siffa, cika da kauri, haske da duhu, launi, laushi ko kaushi, da fili. Za ka ji su har su gundure ka.

Ban iya zane ba, ko da'ira ba na iya yi daidai. In shiga?

Ka shiga. Ba wanda ke cewa sai ya iya lissafi kafin ya zauna a ajin lissafi. Yawancin masu cewa ba su iya ba tun suna firamare suka ajiye fensir, a daidai lokacin da suka fara lura abin da hannu ya fitar bai yi kama da abin da ido ya gani ba. Hannun nasu lafiyarsa ƙalau, inda aka bar shi ne ya tsaya.

Kuma sau da yawa ba a hannu matsalar take ba, a kallo take. Ka ce wa sabon ɗalibi ya zana fuska, zai kai idanun can sama kusa da gashi. Ka ba shi madubi da rula ya auna, sai ya tarar idanu a tsakiyar kai suke, rabi da rabi tsakanin ƙoƙon kai da haɓa. Ka ajiye masa kofi a kan tebur, zai zana bakinsa da'ira cif, domin ya san da'ira ce, alhali daga inda yake zaune siffar ƙwai a kwance yake gani. Abin da ya sani yake zanawa, ba abin da ke gabansa ba. Rabin aikin shekarar farko shi ne raba shi da wannan ɗabi'a.

Baiwa akwai ta, ba a musu, wani ya fi wani saurin kamawa. Amma Vincent van Gogh, shahararren mai zane ɗan Holand, bai ɗauki zane a matsayin aikin rayuwarsa ba sai a 1880, yana da shekara 27, kuma da kwafar darussa daga littattafan koyon zane ya fara. Ya rasu a 1890, ya bar ayyuka sama da 2,000. Wanda ya duba zanukansa na farko zai ga yadda mutanensa suka sandare.

Wane aji ya kamata in fara ɗauka?

Ajin share fage, ko da kana ganin ka wuce shi. Makarantu da yawa ma ba sa barin a shiga ajin fenti ko na yumɓu sai an bi ta nan. Wannan tsari ya samo ƙarfinsa daga makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a Weimar ta Jamus a 1919, inda kowane ɗalibi, ko magini zai zama ko masaƙi, sai ya fara yin kwas na gama-gari a kan siffa da launi da halin kayan aiki. An rufe makarantar a 1933, amma malamanta sun watsu da tsarin, musamman zuwa Amurka.

Me ya sa malami ya sa mu zanen kwalba da kofi da kujera makonni a jere?

Domin kwalba ba ta motsi, ba ta gajiya, kuma ba ta fushi idan ta fito a karkace. A kanta ake koyon awo: ka miƙe hannu sosai, ka rufe ido ɗaya, ka daidaita bakin fensir da saman kwalbar, ka zame babban yatsa zuwa gindinta, sannan ka kwantar da fensirin ka ga sau nawa faɗinta zai shiga tsayinta. Idan ka lanƙwasa gwiwar hannu tsakanin awo biyu, ka ɓata lissafin. A kan kujera kuwa akan ce kada ka zana ƙafafun, ka zana filin da ke tsakaninsu. Ƙwaƙwalwa ba ta da wata ajiyayyiyar siffa ta wannan fili, dole ta duba. Dalilin da ya sa wani malamin zai ba ka hoto a kife ya ce ka kwafa haka nan ke nan.

Sai inuwa, wadda a nan sababbi suka fi jin tsoro. Sukan shafa toka-toka ko'ina, zanen ya fito kamar an wanke shi. Ka ɗan runtse ido ka dubi abin: ƙananan bayanai za su ɓace, ya rage maka manyan yankunan haske da duhu. Za ka lura inuwa iri biyu ce, ta jikin abin da wadda ya jefa kan tebur, kuma a can gefen duhun akwai ɗan haske da ya dawo daga teburin. Wanda ya kama wannan ɗan hasken, kofinsa zai kumbura ya fito daga takarda.

Waɗanne kaya zan tanada? Mece ce ma'anar H da B a jikin fensir?

Kada a sayi komai sai malami ya ba da jeri. Don farawa, fensir uku sun isa, HB da 2B da 6B, sai magogi mai laushi, abin fiƙe fensir, rula, da littafin zane. Babban akwatin launuka masu yawa ya fi burge mai saye fiye da yadda yake taimakon mai koyo.

Bakin fensir haɗi ne na garafait, wato baƙin ma'adinin da ke barin layi a takarda, da yumɓu. Idan yumɓun ya yi yawa sai ya yi tauri, layinsa siriri mai haske, shi ne H. Idan garafait ya rinjaya sai ya yi laushi da baƙi, shi ne B, kuma 6B ya fi 2B duhu. Wani Bafaranshe, Nicolas-Jacques Conté, ya fito da wannan dabara a 1795, lokacin da yaƙi ya hana Faransa samun garafait daga Ingila. Takarda kuma da nauyinta ake gane ta. Ta firinta giram 80 ce a murabba'in mita, tana yin atisaye, amma da ta sha ruwa sai ta yamutse. Fentin ruwa ya fi son mai giram 300.

Me ya sa ake matsa mana a kan littafin zane? Ba aikin ƙarshe ne muhimmi ba?

A littafin ne malami ke ganin yadda kake tunani. Ƙananan gwaje-gwaje shida na tsari ɗaya kafin ka zaɓi guda, ɗigon launukan da ka haɗa da bayanin yadda ka haɗa su, zanen hannunka na hagu da bai yi kyau ba da wanda ya biyo bayansa, duk a nan suke. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne yage shafin da suke jin kunyarsa. Kada ka yage. Ka sa kwanan wata, ka rubuta layi ɗaya a kan abin da ya ƙi, ka juya shafi. Idan ka karanta amsar da ke kan rabon maki za ka ga shafin nan kuɗi ne a hannunka.

Dabarar nuna nisa da kusa tana rikita ni. Daga ina zan kama ta?

Daga layin ido. Ka tsaya a bakin doguwar baranda ka dubi ƙarshenta. Layukan rufi suna gangarowa, na daɓe suna hawa, kuma da za a ja su gaba da a ɗigo ɗaya za su haɗu, daidai tsayin idonka. Ka durƙusa, ɗigon zai sauko tare da kai. Duk abin da ke sama da idonka ƙasansa kake gani, abin da ke ƙasa kuma samansa. Idan kana fuskantar kusurwar gini ne, ɗigon biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma sau da yawa sukan faɗa wajen takardar. Abin da ke nesa sosai, kamar duwatsu, launinsa kan koɗe ya karkata zuwa shuɗi saboda iskar da ke tsakani.

Filippo Brunelleschi ne ya gwada wannan tsari a Florence ta Italiya a farkon ƙarni na 15, Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idojinsa a 1435. Amma a sani hanya ɗaya ce cikin hanyoyi. Masu zanen Masar ta dā da na Farisa da na Sin sun tsara fili ta wasu hanyoyin, kuma ba rashin iyawa ya sa ba.

Duk launin da na haɗa sai ya koma kamar laka. Me nake yi ba daidai ba?

Kana haɗa ja da rawaya da shuɗi wuri guda ba tare da ka sani ba, su ukun kuwa idan suka haɗu toka ko ruwan ƙasa suke bayarwa. Babu jan fenti da yake ja zalla. Wani ya karkata zuwa ruwan lemo, wato akwai rawaya a cikinsa, wani zuwa shunayya. Haka shuɗi, wani ya karkata zuwa kore. Idan ka ɗauki ja mai rawaya ka haɗa da shuɗi mai kore kana neman shunayya, ka riga ka zuba na ukun. Ka zaɓi waɗanda suka karkata zuwa juna. Ka kuma canza ruwan wanke buroshi kafin ya yi duhu, ka daina dama fenti a kan takarda, a faranti ake haɗi.

Kada ka riƙa duhunta komai da baƙi. Rawaya da baƙi wani kore mara daɗi suke bayarwa. Kowane launi yana da kishiyarsa, ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya. Ɗigo kaɗan na kishiya yana kwantar da launi ba tare da ya kashe shi ba, idan kuma aka jera su gefe da gefe sai kowanne ya ƙara haske.

Wannan na ƙarshen yana da tarihi. Michel-Eugène Chevreul masanin sinadarai ne da ke kula da rini a masaƙar Gobelins ta Paris. Aka kawo masa ƙorafi cewa baƙin zarensu ba ya fita sosai. Da ya bincika sai ya ga rinin ba shi da laifi, launukan da ake saƙawa kusa da shi ne ke canza yadda ido ke ganinsa. Ya wallafa bincikensa a 1839. Ka gwada da kanka: ka yanka takarda mai ruwan toka gida biyu, ka ɗora ɗaya kan ja ɗaya kan kore, ka nemi wanda zai yarda takarda ɗaya ce.

Mene ne bambancin fentin ruwa da akirilik da fentin mai?

Fentin ruwa garai-garai yake, ana ganin takarda ta cikinsa. Daga haske ake tafiya zuwa duhu, farin takardar shi ne farinka, idan ka rufe shi da wuya ya dawo, kuma yakan koɗe idan ya bushe. Mutane na ɗaukarsa fentin yara, alhali ya fi sauran ƙin yafe kuskure. Akirilik, wanda ya shigo kasuwa a shekarun 1950, shi makarantu suka fi amfani da shi: da ruwa ake tsinka shi, yana bushewa cikin mintuna, ana iya rufe kuskure da wani shafin. Illarsa, idan ya bushe a jikin buroshi, buroshin ya tafi ke nan. Fentin mai kan ɗauki kwanaki kafin ya bushe, abin da ke ba da damar narkar da launi cikin launi a natse, amma yana tafe da tina, wato sinadarin da ake tsinka shi da ita, da warinta, shi ya sa makarantu da yawa ke barinsa sai manyan azuzuwa. Duba amsar da ke kan lafiya.

Tukunyar da na gina ta fashe a wajen gashi. Laifin wa?

Galibi laifin ruwa ne. Yumɓun da ya bushe a waje yana iya riƙe danshi a ciki, kuma da zafi ya kai digiri 100 a ma'aunin Salshiyas sai ruwan ya zama tururi ya nemi hanyar fita da ƙarfi. Abin takaicin shi ne yakan tafi da ayyukan da ke kusa da shi a tanderun. Ka kanga aikin a kumatunka: idan ka ji sanyi, bai bushe ba. Abin da ya yi kauri sosai a rarake cikinsa, wanda ke rufe ruf a huda masa ƙaramin rami.

Idan mariƙin kofi ne ya rabu, haɗin ne bai kama ba. Ana kankare fuskokin biyu, a shafa yumɓu mai ruwa-ruwa, a danna, kuma su kasance danshinsu ɗaya. Siririn wuri ya fi saurin bushewa da tsukewa, don haka a lulluɓe aikin da leda ya bushe a hankali. Ka sa a ranka yumɓu kan tsuke da kimanin kashi ɗaya cikin goma, ka gina ya ɗan fi girman da kake so. Gashin farko kan kai wajen digiri 1,000, sannan a shafa ruwan ƙyalli a sake gasawa. Kada ruwan ƙyallin ya taɓa gindin, in ba haka ba zai narke ya manne da shimfiɗar tanderun. Da bushewa da gashi biyu da jiran tanderu ya cika, aikin yumɓu makonni yake ci, ba a fara shi ana saura kwana uku a miƙa.

Na sassaƙa sunana a kan lino, allon nan mai laushi na ɗab'i, da na buga ya fito a juye.

Kowa sai ya yi wannan sau ɗaya. Ɗab'i yana juya hoto kamar madubi, saboda haka a juye ake zana rubutu a kan allon. Inda ka yanke fari zai fito, inda ka bari shi ke ɗaukar tawada, kuma abin da aka yanke ba ya komawa. Hannun da ke riƙe allon ya kasance bayan wuƙa koyaushe. Alamar 3/10 da ake rubutawa da fensir a ƙasan hoto na nufin bugu na uku cikin goma.

Ajin hoto da na kwamfuta fa, sai ina da babbar kyamara?

Don koyon tsara hoto da karanta haske, waya ta isa. Abin da babbar kyamara ke ƙarawa shi ne ta bar ka ka sarrafa abu uku da hannunka: faɗin ƙofar da haske ke shiga, tsawon lokacin da take buɗe, da ISO, wato yadda na'urar ke karɓar hasken. Ka taɓa ɗaya, dole ka gyara wani. Wasu malaman da kwali mai ƙaramin rami suke farawa, a ga duniyar waje ta bayyana a kife a cikinsa, abin da masanin haske Ibn al-Haytham ya yi bayaninsa tun ƙarni na 11. Kafin ka ɗauki hoton mutum, ka nemi izininsa.

A kwamfuta ba dole sai manhajar kuɗi ba, Krita da GIMP da Inkscape da Blender kyauta ne. Abu ɗaya da ke ba ɗalibai mamaki: allo da hasken ja da kore da shuɗi yake haɗa launi, firinta kuma da tawada, shi ya sa shuɗin da ya haska a allo kan fito a dushe a takarda. Ka buga ƙaramin gwaji kafin babban.

Ta yaya ake ba da maki a abin da kowa da yadda yake ganin kyansa?

Ba kyau ake aunawa kai tsaye ba. A jarrabawar sakandare ta GCSE a Ingila, misali, kundin ayyukan da ɗalibi ya tara yana da kashi 60 cikin 100, aikin da hukumar jarrabawa ta bayar kashi 40, wanda ake ƙarasawa cikin awa 10 a gaban mai sa ido. Ma'aunai huɗu ne masu nauyi ɗaya: bincike da bunƙasa tunani, gwada kaya da dabaru, adana abin da aka lura da shi, sai gabatar da aikin ƙarshe. Wato kyakkyawan hoton da ka ɓata dare a kansa ɗaya ne cikin huɗu. A tsarin jarrabawar AP na Amurka ma kashi 60 na hotuna 15 ne da ke nuna yadda ɗalibi ya bi tambaya guda yana gwaji yana gyarawa, kashi 40 na zaɓaɓɓun ayyuka biyar.

Wannan ne ya sa ake samun ɗalibi mai hannu ƙwarai ya kawo hoto ɗaya da ya burge kowa ya tashi da maki matsakaici, wata kuma da ba ta kai shi iya zane ba ta wuce shi saboda littafinta cike yake. Mai hannun kan ga an zalunce shi. Ba a zalunce shi ba, bai karanta takardar ma'aunin ba ne. Ka nemi taka tun makon farko.

Ina jin tsoron ranar da ake kafa ayyuka a bango kowa ya yi sharhi.

Har malamin ya taɓa jin wannan tsoron. Sharhin da aka tsara da kyau ba "ya yi" ko "bai yi ba" ba ne. Malamai da yawa suna bin matakai huɗu da masanin koyar da fasaha Edmund Feldman ya shimfiɗa: a faɗi abin da ake gani, a duba yadda aka tsara shi, a fassara abin da yake nufi, hukunci ya zo a ƙarshe. Idan kai ake wa sharhi, kada ka fara da ba da haƙuri a kan aikin, kuma kada ka yi gardama. Ka rubuta abin da aka ce. Idan mutum uku suka ce idonsu na tafiya kusurwar da ba ka nufa ba, akwai magana a kusurwar.

Zan iya kwafar hoto daga intanet, ko in sa ƙirƙirarriyar basira ta yi mini?

Kwafar aikin ƙwararru don koyo tsohuwar hanya ce, kamar yadda aka gani a labarin Van Gogh a sama. Sharaɗin shi ne ka rubuta sunan mai aikin a jiki, ya zauna a littafinka a matsayin atisaye. Amma ka ɗauko hoton da wani ya ɗauka, ka kwafe shi tsaf, ka miƙa da sunanka, wannan satar fasaha ce, ko da hannunka ne ya yi wahalar. Wanda ya ɗauki hoton ya riga ya zaɓi haske da kusurwa da tsari, abin da ake so a ga kai ka zaɓa. Ka ɗauki naka hoton, ko ka zana daga abin da ke gabanka.

Dokar ƙirƙirarriyar basira ta bambanta tsakanin makarantu da hukumomin jarrabawa, ka tambaya kafin ka taɓa ta. Ka dai tuna malamin da ya ga hannunka wata shida ya san shi.

Dole ne a zana mutane? Akwai iyalan da ba sa so saboda addini.

Zanen mutum sashe ne, kuma a sakandare galibi ɗan aji ne ke zama a kujera da tufafinsa a zana shi, ko kowa ya zana hannunsa. Iyayen da ke da damuwa su ga malami tun farkon zango, kada su bari sai an ba da aikin. Awo da inuwa da nisa da launi duk ana koyonsu a kan gini, tsirrai, yadi da kayan da aka jera.

Kuma fagen da ba na halitta ba ba ƙarami ba ne. Ibn Muqla, wanda ya rasu a Bagadaza a 940, ya ɗora rubutun Larabci a kan awo, inda ɗigon alƙalami ya zama ma'aunin tsayin alif da sauran haruffa. Adon bangon fadar Alhambra a Granada ta Sifaniya, da kamfas da rula aka tsara shi. Mai zane M. C. Escher na Holand ya je can a 1922 ya koma a 1936 yana kwafar adon, daga nan aikinsa ya canza hanya.

Ba na bambance wasu launuka. Ni kuma bahago ne.

Dukansu ba sa hana shiga. Rashin bambance ja da kore ya fi yawa a maza: a mutanen arewacin Turai kusan namiji ɗaya cikin 12 ne, mace ɗaya cikin 200. Ka gaya wa malami, ka rubuta suna a jikin kowane fenti, ka riƙa jera su a tsari ɗaya kullum. Haske da duhu ne ke riƙe hoto fiye da launi, a nan kuwa ba a bar ka a baya ba. Bahago ya fara daga dama ya gangaro hagu don kada gefen hannu ya shafe aikin, ya kuma nemi almakashin hagu. Leonardo da Vinci bahago ne, ana ganewa daga karkatar layukan inuwarsa.

Akwai haɗari ga lafiya?

Akwai, amma ana kauce masa cikin sauƙi. Ƙurar busasshen yumɓu na ɗauke da silika mai illa ga huhu idan aka daɗe ana shaƙa, don haka da jiƙaƙƙen soso ake goge ɗakin, ba a share shi da tsintsiya. Wasu fentin ƙwararru na da dalma ko kadmiyam, shi ya sa ba a fiƙe bakin buroshi da leɓe, ba a kuma ci ko sha a teburin aiki. Feshin da ke kama gawayi a jikin takarda a waje ake yinsa, tina kuma sai tagogi na buɗe. Wuƙar da ta dakushe ta fi mai kaifi yanka mutum, domin sai an danna ta take zamewa. Mai asma ko borin fata ya sanar tun ranar farko.

'Yata likita take son zama. Wannan ajin ba zai cinye mata lokacin kimiyya ba?

Zai ci lokaci, kada a ɓoye muku, musamman dab da miƙa kundi. Ku zauna da ita ku duba jadawalin, ku tabbatar darussan da jami'a ke nema sun cika tukuna. Kada kuma ku karɓi tallar da ake yi cewa zane na ƙara makin lissafi. Ellen Winner da Lois Hetland na shirin Project Zero a Jami'ar Harvard sun tattara binciken shekaru masu yawa suka fitar a 2000, kuma ba su sami hujja mai ƙarfi ba cewa darussan fasaha ne ke jawo hauhawar maki a sauran darussa. Da suka shiga azuzuwan da kansu daga baya, abin da suka tarar ana koyarwa shi ne lura, naci, hango abu kafin a yi shi, da iya duba aikin kai a faɗi laifinsa.

Ga mai son likitanci, lurar ita ce ribar. A 1609 Thomas Harriot a Ingila da Galileo a Italiya duk sun dubi wata ta madubin hangen nesa. Harriot ya riga shi, amma tabo-tabo ya zana. Galileo, wanda ya san yadda haske ke faɗawa kan tudu da rami, ya gane duwatsu da kwaruruka yake kallo. Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya, da ya so zama mai zane yana yaro, da hannunsa ya zana ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa, ya sami kyautar Nobel a 1906, kuma har yau ana koyarwa da zanukansa.

Ina son ci gaba bayan sakandare. Yaya ake haɗa kundin neman gurbi?

Kowace makaranta da sharuɗɗanta, ka karanta na wadda kake nema tun da saura shekara. Galibi ayyuka 10 zuwa 20 ake nema. Abin da masu tantancewa suka fi son gani shi ne zane daga abin da ke gaban ido, da shafukan littafi masu nuna yadda tunani ya girma. Kundi cike da taurarin katun da aka kwafa, komai kyansa, ba ya kai mutum nesa. Ka fara da aiki mai ƙarfi, ka cire raunana ko da adadin zai ragu. Hanyoyin da ke gaba sun haɗa da zanen gine-gine, tsara kayan masana'antu da tufafi, katun da wasannin kwamfuta, zanen littattafan yara da na likitanci, gyaran kayan gidajen tarihi, da koyarwa.

Tunda yawancin kundi yanzu ta intanet ake turawa, hoton aikin ne za a gani, ba aikin ba. Ka ɗauka da hasken rana a inuwa, ba filasha, kyamara na fuskantar tsakiyar aikin daidai don kada gefuna su karkace. Aikin yumɓu ko sassaƙa a ɗauke shi ta fuska biyu ko uku a gaban bango mara ado. Ka rubuta kwanan wata da girma da kayan da aka yi amfani da su a bayan kowane aiki, ka ajiye su a kwance, nesa da danshi da rana, da farar takarda tsakanin na gawayi da na kusa da shi.